Indararon da Na Ƙara wa Tsawo

Unguwarmu a Gaya daga rami ɗaya ta fito. Kududdufin nan na bayan masallaci, wanda yanzu ake jibga wa shara, can kakanninmu suka haƙi ƙasa, suka cuɗa da ciyawa, suka mulmula tubali. Ni boko aji biyu na yi aka koro ni, malamin ya ce kaina ya fi tubalin tauri. Don haka tarihin da na sani a jikin bango na karanto shi.

Gidajen manne suke da juna, katanga ɗaya gida biyu. Kowane soro da zankayensa a kusurwa, da indararo mai zubar da ruwan sama cikin lungu. Doka ɗaya ce tun kaka da kakanni: ruwan rufinka ba ya taɓa bangon wani.

Zauren gidanmu kakana ne ya gina shi da ɗaurin guga, wato azara ce ta lanƙwaso daga bango huɗu ta haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi ko ɗaya. A mahaɗar ya manna wata tasa ja. Gonata ta hanyar Balan ba ta taɓa cika rumbu ba, rigar Juma'ata kuwa ita ce ta Litinin. Zauren nan kaɗai ya sa ake ce mini maigida.

Wanda muke katanga ɗaya da shi ɗan baffana ne, ƙanena a shekaru. Ana tsakiyar yaƙin basasa ya samu shiga sayen gyaɗa a kasuwar Ajingi, ya yi ƙiba, ya je Makka. Da ya dawo sai ya sa aka sare zankayen gidansu kamar ana yi wa rago fiɗa, aka kwashe rufin ƙasa, aka ɗora kwano. Kwano kuwa ba ruwansa da indararo. Gangarensa kaf gindin zaurena ya nufa.

Ruwan farko na same shi a ƙofar gida yana murɗa rediyo.

Na ce, "Alhaji ƙarami, ruwanka yana cin zauren kakanmu."

Ya ce, "Yaya, ruwan Allah ne. Ka kai ƙarar sama."

"Kafin ka kifa wannan faranti a kanka, lungu Allah yake aika shi."

"To ka shafa siminti mana. Ko kana jira kaka ya taso ya yi maka yaɓe?"

Na je wajen mai unguwa. Na tarar da shi kan sabuwar darduma, ba sai an gaya mini tsarabar wa ba ce. Ya ce dokar a kan indararo aka yi ta, magabata ba su ambaci kwano ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su ambace shi ba sam?"

Ya ce, "Sam."

Na yi godiya har ƙasa. Na samo guntun giginya na fafe shi, na hau soro na ƙara wa indararona tsawo, na gyara gangaren rufina yadda duk ruwan zai bi ta nan ya faɗa kan kwanon Alhaji, daidai ɗakin da yake saukar baƙi. Ran da aka yi ruwa na gaba, sai ka ce makaɗa goma aka kulle a ciki. Rediyo ba ya jiyuwa, baƙi suna magana da hannu. Ya fito da laima yana huci.

Na leƙa daga zaure na ce, "Ruwan Allah ne, Alhaji."

Daɗin da na ji ranar ban ji shi ran aurena ba.

Matata ce ta tsaya tana kallon saman, ta ce, "Malam, in ya gama kiɗan, ina ruwan yake sauka?"

Gindin zaurena yake sauka, nawa da nasa a haɗe. Malamin boko bai yi mini ƙarya ba. Amma in na cire indararon, ƙanena ya ci ni ke nan a gaban unguwa. Na bar shi. Kullum ina cusa laka a gindin bango, kullum ruwa yana lashewa, ina jiran shi ya fara gajiya. Bai gaji ba, ya dai mayar da baƙinsa wani ɗaki.

Wata rana da la'asar, ana tsakiyar marka, zauren ya durƙusa. Ya tafi da katangarmu da gefen kwanon Alhaji, wannan ne kaɗai sauƙin da na samu. Tasar kakana na tono daga cikin laka, ta lotse.

Bayan sati Alhaji ya aiko mini da buhunan siminti a kura, wai zumunci. Na ce a mayar masa ya yi wa bakinsa yaɓe. Na kafa zana a inda zauren yake, kuma a nan baƙona yake sallama har yau.

Unguwar duk ta bi sahun Alhaji, kowa ya ɗora kwano. Babu zanko ko ɗaya yanzu, in bazara ta yi kowa yana waje yana fifita, ɗakuna sun zama tanda. Shi ya riga ni tafiya. Na yi masa salla, don wannan haƙƙi ne. Da ’ya’yansa suka ce a yafe masa, na ce na yafe komai, ban da zaure.