Gaisuwar Da Ban Kai Baƙina Ba

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni malamin gona ne a Tambuwal, saurayi, ga sabon babur, ga jin cewa daga Tambuwal har Kebbe babu gonar da ban taka ba. In faɗi gaskiya, rawar kai ta yi mini yawa. Kafin nan an tura ni kwas ƙasar Ghana, na yi 'yan watanni a Kumasi, kuma a zango, unguwar Hausawan can, Allah ya haɗa ni da wasu mutum biyu da suka riƙe ni kamar cikinmu ɗaya. Ɗaya tela ne, gwanin aikin wuyan riga da hannu, mai tambayar tsiya, ko kaza ya gani sai ya ji ta wane ce. Ɗayan malamin firamare ne, shiru-shiru, amma wayarsa ba ta hutawa da ɗaukar hoto. Babu inda ba su kai ni ba, har bakin teku. Da zan dawo na sa suka yi mini alkawarin su ma za su zo su ga ƙasar kakanninsu, don ba su taɓa taka Najeriya ba.

Suka cika alkawari bayan kaka, suka ce mako guda za su yi. Murna kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha. Na ɗaura niyyar sai sun koma suna ba da labarina. Na kai su kasuwar Tambuwal, tela ya tsaya a rumfar 'yan hula har sai da na ja shi. Na kai su Jabo suka ga ana sussukar gero, malamin ya karɓi taɓarya ya gwada, mata suka yi ta yi masa dariya. Suka hau raƙumi, suka sha furar da suka rantse ba su taɓa shan irinta ba. Tun ranar da suka sauka mahaifina ya kira ni gefe ya ce duk ƙauyen da zan shiga da su in fara kai su ƙofar mai gari su yi gaisuwa, a san da zamansu, domin zamani ya canja. Na ce to, amma a raina cewa na yi tsoho dai da tsohon yayi. Mu da muka zo buɗe ido, ina mu ina zaman tabarma da doguwar gaisuwa?

Ana saura kwana kaɗan su tafi na ce zan nuna musu wani tafki a bayan wani ƙauye gaba da Kebbe, inda shanu ke sauka shan ruwa, tsuntsaye kuma ba a magana. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba. Na goya su duka biyu, muka sha hanya da ramukanta. Da muka shiga garin da hantsi mun wuce ta ƙofar gidan mai gari, dattawa na zaune a inuwa. Hannu kawai na ɗaga musu, ko rage gudu ban yi ba. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta yi faci. Na ajiye baƙina a gindin wata tsamiya kusa da rijiya, na ce su huta, na tura babur zuwa wajen mai faci a can ƙarshen gari.

Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Tela ya ga garken shanu na wucewa, ya tare masu ɗiban ruwa da tambaya: shanun wane ne waɗannan, a ina suke kwana, wace hanya ce ke fita daji, wace rana maza ke tafiya kasuwa. Malamin kuwa ya shiga ɗaukar hoton rumbuna da shanu da ita hanyar dajin. Ga su baƙin fuska, ga Hausarsu ba irin tamu ba. Ashe a daminar da ta wuce 'yan bindiga sun shiga garin, sun kora shanu, sun kashe mutane, kuma kafin zuwansu wasu baƙi sun zo sun yi irin waɗannan tambayoyi. Na taɓa jin labarin harin a ofis, na ce Allah ya kyauta, na manta.

Ina tsugune wajen mai faci sai na ji ihu, na ga maza na gudu da gorori zuwa wajen rijiya. Na bar babur na ruga. Abin da idona ya gani har in mutu ba zan manta ba. Malamin na zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar guga, rigarsa a yage. Tela na kwance ya kare kansa da hannu, jini na bin gwiwar hannunsa, wani ya sake ɗaga gora. Mutanen da suka ƙetare ƙasashe don su zo wurina! Na kutsa ina ihun baƙina ne, baƙina ne, wallahi baƙina ne. Wani ya ci kwalata ya tambaye ni, ni kuma wane ne? Duk taƙamar da nake yi cewa an san ni, a garin nan babu wanda ya san fuskata. Na zaro katin aiki, aka buge shi ƙasa, aka ce ai masu kai wa 'yan bindiga labari ma da kati suke yawo. Da kunnena na ji ana cewa a kai mu bayan gari.

Allah ya sa kwananmu na gaba, mai gari ya iso yana dogara sanda, ya daka tsawa, ya ce a kai mu zaurensa, kada wanda ya ƙara taɓa mu. Da muka zauna bai yi faɗa ba. Kallona ya yi ya ce, "Malam, garin ga da kash shigo, ba shi da mai shi?" Ya ce ya ga wucewarmu, ya jira mu dawo mu yi sallama, ba mu dawo ba. Ya ce da na tsaya ko na shan ruwa ne, da kansa zai haɗa mu da mai raka mu tafkin, kuma da duk tambayar da baƙo ya yi amsa zai samu. Sannan ya tambayi ɗan wane ne ni. Da na faɗi sunan mahaifina, wani dattijo a cikinsu ya ce ya san shi a kasuwar hatsi, aka kira shi a waya ya yi shaida. Aka kwance malamin. Wanda ya yi dukan ya zo ya durƙusa yana kuka, aka ce ƙanensa na cikin waɗanda aka kashe. Na so in tsane shi, na kasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

A asibiti aka ce yatsu uku na hannun daman tela sun karye. An yi ɗori, amma ba su koma daidai ba. Yau yana taka keke yana ɗinki, sai dai allurar aikin wuya da aka san shi da ita ba ta riƙuwa a hannunsa. Sauran kwanakinsu a ɗakina suka yi su, malamin ko ƙofar gida bai ƙara leƙawa ba. Ranar tafiya na riƙe hannun tela na hagu a tasha ina neman gafara, ya ce in bari, ƙaddara ce, har yana tsokanata wai yanzu ya koyi rage tambaya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ina kira ga 'yan'uwana matasa, musamman mu da muka ɗan yi boko muka ɗan ga duniya. Idan baƙo ya zo wurinka, ransa amana ne a hannunka, ba ya sanin inda ake takawa da inda ba a takawa, kai ne idonsa. Kada ka shiga da shi garin mutane sai ka fara kai shi ga masu garin. Gaisuwar nan da muke gani ɓata lokaci ce, ita ke sa a san baƙo na wani ne. Mutanen ƙauyukanmu sun sha wuya, tsoro ya cika musu ciki, kuma mai tsoro ba ya jiran bayani.

Da suka isa gida, tela ya ce wa danginsa daga babur ya faɗo, don kada a ga laifina. Da na kira shi, mahaifiyarsa ta karɓi waya ta yi mini godiyar jinyar ɗanta, ta ce samun aboki irina sai an tona. Har yau duk sallah sai ta kira ta sa mini albarka, ni kuma ina cewa amin.