Wata Uku Ina Sa Hannu a Littafin Baƙi

Jama'a, yau an zo kama ni wai na gudu, alhali ina shagona a Abbare ina ɗinki!

Bayan wata rigima da na shiga, kotu ta sake ni bisa sharaɗin duk wata in je ofis in sa hannu. Ban taɓa fashi ba. Kawai sai ga 'yan sanda biyu da takardar kamu. Wai wata uku ba a gan ni ba!

Na ce, "Yallaɓai, wallahi ko makon jiya na je."

Muka ɗunguma ofishin. Hajiyar da ke riƙe da fayil ɗina ta buɗe rajista. Babu sunana! Kaina ya ɗaure.

Sai Baba maigadi ya kawo nasa littafin: "Ga shi, wurina yake sawa in Hajiya ba ta nan."

Ashe littafin baƙi ne!

Kofur ya ce shi takarda ya sani, alƙali kaɗai ke soke ta. Da kyar Hajiya ta tsaya min, aka ce gobe in kai kaina kotu.

Zan fita, Baba ya miƙo min biro: "Ɗana, yau ba ka sa hannu ba."