Cakin da Darlene Ta Ƙi Karɓa

Darlene Wojcik ta tsufa a aikin fansho a wani kamfani a birnin Toledo na Amurka, tana lissafa wa ƙananan masana'antu abin da za su ajiye wa ma'aikatansu don ranar ritaya. Ta haura hamsin aka sayar da kamfanin, aka sallame ta ita da abokan aikinta. Mijinta Stan ya share mata ɗakin da ke saman gareji, ya ce ta buɗe nata kamfanin a can.

Rajista ba ta ba ta wuya ba. Lauyan da ta je wa ne ya tsinka mata zuciya. Ya ce lissafi daban, riƙe kuɗin mutane daban. Muddin ta soma riƙewa ba ta yanki inshorar amana ba, wato wadda ke biya in kuɗin da aka ba ta riƙo sun ɓace, wani abu ya salwanta, har gidan da suke ciki ba lallai ya tsira ba. Ga kuma jarrabawar da sai ta ci kafin hukumar haraji ta saurare ta a madadin kowa. Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ko mai kawo wasiƙu ne ya tsaya a ƙofa sai gabanta ya faɗi.

Mutum ɗaya ya yarda ya ba ta aiki, Vernon mai gidan burodi, wanda suka yi makaranta tare. Wata safiya ya hawo benen da fulawa a gaban rigarsa, ya ajiye mata cakin banki na kuɗin fanshon ma'aikatansa, ya ce ta sa a asusunta tukuna, shi asibiti zai kai matarsa.

Darlene ta ja hannuwanta baya kamar an ajiye mata garwashi. Inshorar ba ta fito ba.

"Vernon, ka yi wa Allah ka ɗauke abin nan daga teburina."

"Ke da na sani tun kina kuka a aji, yau ni za ki karanta wa doka?"

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, maganar ta ƙi haɗuwa. Ya naɗe cakin ya sauka, bai waiwayo ba. Da yamma ta ba mijinta labari. Stan ya ce da ta karɓa, wa zai sani? Ta ce ita za ta sani.

Jarrabawar farko ta faɗi, don tana zama komai ya gudu daga kanta. Ta ci a karo na biyu, inshorar ma ta fito. Vernon bai dawo ba, ya kai aikinsa wani babban kamfani. In sun haɗu a coci gaisuwa kawai suke yi. A hankali ta samu masu ba ta aiki: wani mai gyaran famfo, da wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da taya.

Yanzu aiki na tafiya. Amma har yau, kafin ta sa hannu a kowace takarda, sai ta tashi ta zaga ɗakin, ta sha ruwa, sannan ta dawo ta ɗauki biro.