Kawu Ɗanjuma da janareta marar mai

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san keken Kawu Ɗanjuma, ya kuma san ba a tsayawa a gabansa. Birkin keken lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya ƙi taɓawa. Tun daga nesa za ka ji yana kwarara ihu: "A ba ni hanya! Ƙarfi ne tafe!"

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Kai Sabo, tuwon da Innarku Laure ta tuƙa ne ya zama ƙarfi a ƙafata, ƙarfin ya zama gudu. In na kama birki, gudun ya koma zafi a jikin roba, ya bi iska. So kake in riƙa ƙona tuwo a kan titi?"

Yayan mahaifiyata ne. Bai taɓa zama malamin aji ba. Kwalaben ɗakin gwaji yake wankewa a wata sakandare har ya yi ritaya, amma duk abin da aka koyar yana tsaye a baya, ya kwashe shi tas. 'Yan unguwa suka sa masa Malam Makamashi. Da ya rasu, ranar sadakar uku na ji wani yana cewa, "Allah ya jiƙansa, boko ne ya ɗan taɓa shi." Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni dillalin batir ne, ba na sayen magana sai na gwada ta. Kuma sunan da nake ci da shi a kasuwa yau, saura ƙiris in zubar da shi, wannan da kuke kira taɓaɓɓe ne ya tare.

Ban ce bai yi ta'asa ba. Wata ranar Juma'a a hanyar Kongo ya yi karo da baron mai rake. Keke ya tsaya cak, Kawu ya wuce ta sama, ya sauka a cikin ɓawon rake. Muka ruga muna salati. Yana kwance, hularsa a kwata, ya ɗaga yatsa.

"Kun gani? Abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Baro ya tare keke, ni bai tare ni ba!"

Mai rake ya ce, "To Baba, raken nawa fa?"

"Shi ma yana zaune ne lafiya sai da aka motsa shi. Ka yi karatu kyauta yau, yaro."

A gida ma ba a tsira ba. Ranar sunan jikarsa ya kutsa cikin mata ana dama kunu, ya ɗebi ruwan tsamiya a ƙwarya, ya jefa kanwa. Abu ya hau kumfa yana tsuwa.

"Ku matso! Tsami ya haɗu da kanwa, sun haifi iskar da ba ta nan ɗazu. Abin da Turawa ke sa farar riga su yi ke nan, ku kuna yi kullum da zani!"

Inna Laure ta ce, "Malam, in ka gama haifar iska, ka haifo mana wata tsamiyar, baƙi na jira."

To, ga maganar da ta kawo ni. Ni ina da al'ada a shago: duk batir ɗin da zai fita sai na ɗiga masa ruwan ɗorawan fenti a gindi, na rubuta harafin sunana da watan da aka saya, don kada a dawo mini da na wani a ce nawa ne ya mutu. Kawu kan ce ina yi wa batir zanen suna kamar jariri.

Sai ga wani mutum ya zo da kwat da ƙamshin turare, ya ce Injiniya ake kiransa. Ya kawo janareta da ya ce ba ya shan mai, ba ya neman rana, da kansa yake haifar wuta ya ciyar da kansa. Baƙin akwati ne, rufe da kusoshi, da wata fanka a gefe. Ya kunna, ƙwan lantarki ya kama. Ya ce ni yake so in zama dillalinsa a duk Zariya. Wallahi na hau. Har na gaya wa masu saye a wurina tun daga Kwangila har Dutsen Abba cewa su zo ranar Asabar bayan la'asar su gani da idonsu, ni na tsaya masa.

Kawu ya ji labari. Ya ce, "Ƙarya ne."

"Kawu, ko ganinsa ba ka yi ba."

"Ba sai na gani ba. Ƙarfi ba a ƙirƙirarsa, ba a kashe shi, kama kawai yake sauyawa. Wutar nan daga wani wuri take fitowa."

Ranar Asabar ƙofar shago ta cika. Injiniya ya kunna, ƙwai ya haska, aka yi kabbara. Sai ga "A ba ni hanya!" Taro ya dare. Kawu ya ja ƙafa a ƙasa har ya tsaya, ya jawo benci, ya zauna dab da akwatin.

Alhaji Mudi mai kayan gini ya ce, "Malam, hassada ba kyau. Kana musun ikon Allah ne?"

"Alhaji, dokar ai ta Allah ce, ba ni na kafa ta ba. Wannan mai kwat ɗin ne ke musu."

Bayan ɗan lokaci Injiniya ya kai hannu zai kashe, wai injin ya huta. Kawu ya riƙe masa hannu.

"Abin da ba ya cin komai, me ya gajiyar da shi? A bar shi!"

Na sunkuya na ce, "Kawu, don Allah kada ka kunyata ni a gaban mutane."

"Kunyar yau ta yini ɗaya ce. Emeka! Ara mini dutsen gugarka."

Emeka tela, maƙwabcina, ya miƙo yana murmushi. Aka jona. Dutsen guga ya fara zafi, fanka ta fara jan ƙafa, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, akwati ya yi ƙara sau uku, ɗif! Injiniya ya ce bari ya ɗauko wani ƙarfe a mota. Har yau yana ɗaukowa.

Kawu ya ce, "Sabo, ɗaga shi."

Na ɗaga. Hannuna ya gane nauyin kafin kaina ya gane. Na kwance kusoshin a gaban kowa. Batir biyu ne a kwance, kowanne da ɗigon ruwan ɗorawa a gindi, da harafin sunana, da watan da muke ciki. Rubutun hannuna!

Emeka ya faɗi ƙasa don dariya. Kawu ya leƙa ya ce, "Af! Ashe 'ya'yanka ne suka zo gaishe ka. Ga zanen sunan nan."

An yi mini dariya wata guda, ban musa ba. Amma ko mutum ɗaya bai kai akwatin nan gidansa da sunana ba. Da aka gaji da dariyar, wurina aka dawo sayen batir.

Saboda haka mai cewa boko ya taɓa Kawu, ya zo shago ya faɗa a gabana. Zai tarar da keken a rataye sama da kantar shago. Masu saye sun taya, na ce ba na sayarwa ba ne. Ran nan na duba robar birkin, sabuwa fil, ko gogewa ba ta yi ba.

Kawu, ka ce ba abin da ke ɓata, kama yake sauyawa. Allah ya sauya maka wahalar da ka sha a kanmu ta zama haske a kabarinka, ya ba Inna Laure haƙuri, ya buɗe maka hanya har Aljanna ba tare da ka nemi birki ba. Amin.