Ticha Falalu da Duwatsun da Muka Wanke

Kowace Asabar, kafin mai koko ta gama jera kofuna a bakin layinmu na Maamobi, Ticha Falalu ya riga ya fito da jakarsa. A ciki akwai guduma, da wani ƙarfe mai kaifin baki, da tsofaffin jaridu. Sai ya hau trotro, motar haya, zuwa duk inda masu aikin hanya suka yanke tudu. A can yake tsugunawa yana ɓare wani dutse mai falle-falle, yana neman sawun halittun teku da suka mutu tun kafin a yi mutum. Direbobi kan leƙo su yi masa tsiya: "Ei, Ticha! Yau ma gwal bai fito ba?" Shi dai murmushi.

Shekara talatin da ɗaya yana koyar da kimiyya a makarantar unguwarmu, a wannan watan zai yi ritaya. Ni Mubarika na zauna a ajinsa, 'ya'yana ma haka. A hannunsa na fara riƙe dutse mai hoton kwanson teku, ya ce mana inda garin nan namu, Ankara, yake a yau ƙasan ruwa ne a da. Na koma gida na faɗa, kakata ta ce in yi istigfari.

Dalilin rubutun nan kuwa laifina ne. Shekara uku da suka wuce, mu iyaye mata muka yi gayyar share makaranta kafin Sallah. Na buɗe kabad ɗin Ticha, na ga duwatsu sun yi ƙura, raina ya ɓaci. A unguwar da mata suke, a bar kayan malami haka? Na kwashe su duka, na jiƙa a baho da sabulu, muka tafi wankin tagogi. Ashe wannan dutsen laka ce da ta daskare, ba ya shiri da ruwa. Da muka dawo, rabi ya zama kunu, takardun da ya manna sun taso suna yawo a kai. Tarin shekara ashirin da wani abu ke nan.

Ticha ya shigo, ya sa hannu a bahon, ya daɗe yana lalube. Ya ɗago ya ce, "Kun sha aiki, Allah ya biya ku." Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, wurin da ya fi samun su ana gab da shafe shi da kankare. Ga ciwon gwiwa yana damunsa. Duk da haka hutun makarantar da ya biyo baya gaba ɗaya a gefen titi ya yi shi. Kunya ta sa na rufe shagon ɗinkina na bi shi. Ya koya mini bin jijiyar dutse a hankali, da naɗe kowane guntu a jarida, da rubuta inda aka same shi. Kwana biyu kafin motar kankare ta iso, ya ɓare wani falle, sai ga wani ƙwaron teku mai kama da kyankyaso, cikakke har kai. Ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala, ni kuwa kuka na yi.

Ticha, kai ne mai haƙurin da ban taɓa gani ba. Kai ka nuna wa 'ya'yan Zongo cewa ilimi yana nan a gefen kwatar da suke tsallakewa kullum. Ba ka taɓa goranta mini ba, ko da wasa.

Makon jiya ya kira ni makaranta, ya miƙo mini makullin kabad. Na ce, "Ticha, ni? Bayan abin da na yi?"

Ya ce, "Duk Maamobi, ke kaɗai na tabbata ba za ki wanke su ba."

Mun gode, Ticha Falalu, Allah ya ƙara lafiya. Malamai masu tasowa, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin magana. Wanda kuma yake son ganin duwatsun, ya same ni a shago. Zan buɗe masa, amma da busasshen hannu zai taɓa.