Eriyar Kawu Zai-Yi-Amfani

Kawuna tsohon ma'ajin kaya ne a wani kamfanin bututu, kuma ko da ya yi ritaya, hannunsa bai yi ba. Ƙusa ce ta lanƙwashe, murfin biro ne, rimot ɗin da talabijin ɗinsa ya riga mu gidan gaskiya, duk sai ya ɗaga ya juya ya ce, "Zai yi amfani." Har sunan ya bi shi. Ɗaki guda ya ware wa wannan dukiya, mai taga biyu, wanda ya fi kowane ɗaki iska a gidan. Matarsa, Inna, ta daɗe tana hangen keken ɗinkinta a cikinsa.

Da allon taswirar motarsa ya mutu, 'yarsa ta aiko masa da sabo, mai nuna hanya har da magana, don ta koma sabuwar unguwa kuma tana so su zo. A kwalin akwai sabuwar eriya, 'yar baƙa kamar akwatin ashana. Kawu ya kai wa mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin lantarkin mota, ya riƙe eriyar a aljihu.

"Baba, kawo in manna ta a gaban gilas," in ji mai wayarin.

"Ta kan rufin fa, me ta yi maka? Da ita aka haifi motar."

"Bakinsu ba ɗaya ba ne. Sai an sa mahaɗi a tsakani, kuma ba ni da shi yau."

Kawu ya yi murmushin wanda ranarsa ta zo. Ya koma gida, ya tono wani filogin eriyar talabijin mai tsatsa, ya dawo. Mai wayarin ya ce ba jinsinsu ɗaya ba. Kawu ya ce waya ai waya ce, duk jan ƙarfe ne a ciki. Aka fere, aka murɗa, aka naɗe da salatif, mai wayarin yana cewa kowa ya shaida ba da yawunsa ba. Allon ya kawo haske, kibiya ta fito daidai ƙofar shagon.

Da daɗi ya kwashe Kawu a gida, shi ya fara cika baki. Inna ta ce, "To Malam, mu yi magana ɗaya. In tsohuwar eriyarka ta kai mu gidan yarinyar nan, na bar maka ɗakinka har abada. In ba ta kai mu ba, keke ya shiga." Ya ce ya yarda, har da kiran maƙwabci shaida.

Ranar tafiya suka fito, suka wuce gidan mai, suka haye gada. Inna ta sa tabarau ta leƙa.

"Malam, wannan abin fa cewa yake muna shagon mai wayarin."

"Tunani take. Babba ba ya magana da garaje."

Muryar allon kuwa, baiwar Allah, tun da suka tashi take roƙon Kawu ya juya dama ya fita daga layin masu gyara. Ya bi dama, ya sake bin dama, har mai faci na bakin shataletale ya fara ɗaga musu hannu kamar 'yan'uwa. Inna ta ce a tsaya a tambaye shi. Kawu ya ce mai tauraron ɗan'adam a kansa ba ya tambayar mai faci. Sai da titi ya ƙare a gaban wani fili da ake buga bulo, muryar tana nan tana lallashi a fita daga layin, sannan ya kashe mota. Inna ta ciro waya ta kira surukinsu ya zo ya ja gaba.

Da aka dawo aka shiga kwashe ɗakin don keken Inna, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya yi sawu har ya gaji. Cikin tarkacen Inna ta tsinci sabuwar eriyar a ledarta, abu ɗaya tak sabo da ya taɓa kwana a ɗakin. Ita ta tisa Kawu gaba zuwa shagon, aka manna ta, kibiya ta motsa.

Mai wayarin ya yanke tsohon haɗin ya jefar ƙasa. Kawu ya saci kallon Inna, ya ga tana gyara mayafi. Ya sunkuya kamar mai gyaran takalmi.

"Malam," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba, "aljihu dai naka ne."