Baba Sakata da 'Yan Gaba Goma

Duk wanda ya san Baba Sakata ya san ba ya shiga wuri ya zauna kamar sauran mutane. Sai ya toge a bakin ƙofa, ya harɗe hannu a baya, ya bi kowa da kallo, sannan ya nuna wani bawan Allah da leɓe ya ce, "Wa ke riƙe da wancan?" A gidan suna ya yi, a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, ya yi. Ranar wata Sallah a masallacin Regent's Park wani mutum ya fice daga sahu, Baba ya zungure ni.

"Habu, ka ga an bar shi shi kaɗai!"

Na ce, "Baba, alwala fa zai sake."

Ya ce, "To ai haka ake cin mutane."

Sunansa na yanka Ɗanladi. Sakata kuwa a filin ƙwallo ya samo ta, zamanin da yake buga lamba biyar a Zariya, don in ya tsaya a baya an kulle gida ke nan. Bayan ya ajiye takalmin ƙwallo ya daɗe yana koyar da 'yan baya, kafin wani attajirin Kano ya sayi gida a London ya taho da shi direba. Shekarun man fetur ne, mu ɗaliban Arewa mun cika gari, kowa da afro kamar kwando da takalmi mai tudu. Muna da ƙungiyar ƙwallo ta ranar Lahadi, kuma maganar gaskiya ita kaɗai ke haɗa mu a wannan sanyin. Matsalar ɗaya ce: ba ma ci, sai dai a ci mu. Ranar da ɗaliban Ghana suka yi mana cin kaca har golanmu ya zauna a ƙasa ya daina tashi, wasu suka ce a wargaza kawai. Ni ne kyaftin, na ce a'a, a nemo koci. Sai wani ya kawo sunan Baba.

Mu uku muka zauna a flat ɗina na Whitechapel don mu auna ko dattijon nan ya dace da mu: ni, da Bala Afro gwanin yanka, da Isiyaku dogo mai karatun likita. Bala har ya shirya tambayoyi da Turanci. Baba ya shigo, ya ƙi shayinmu, ya zaro nasa flas ɗin, kuma kafin wani ya buɗe baki ya riga mu.

"Kai, ina kake bugawa?"

Bala ya ce, "Gaba."

"Kai fa, dogo?"

"Gaba, Baba."

"Kyaftin?"

Na sunkuyar da kai. "Gaba."

"Sauran fa?"

"Duka gaba."

"Golan?"

Isiyaku ya ce, "Shi ma ɗan gaba ne, lallaɓa shi muke yi."

Baba ya ajiye kofi ya yi salati mai tsawo. Ni kuma na gyara murya na ce mun yanke shawara za mu gwada shi wata guda mu gani. Ya ce, "Madalla. Ni ma zan gwada ku. In ba ku yi ba, in sallame ku." Jama'a, a sallame mu daga ƙungiyarmu!

Atisayen farko ba mu taɓa ƙwallo ba. Ya karɓe ta ya zauna a kai, da kwat ɗinsa mai kai wa gwiwa a kan kaftani, ya busa usur ya ce mu zagaye fili da gudu, amma da baya da baya. Ku tuna fa, samari baƙaƙe da afro suna gudu da baya a Regent's Park, Turawa masu yawo da karnuka sun tsaya suna kallon ikon Allah. Wani ɗan sanda ya matso cikin ladabi ya tambayi ko lafiya. Baba ya ce, "Habu, gaya masa sun je gaba sun ga abin da ya ishe su, dawowa suke." Na fassara. Ɗan sandan ya jinjina kai ya wuce, ina jin har ya mutu bai gane ba.

Sai rigimar matsefi. Bala ba ya sa wa ƙwallo kai, saboda gashi. In ta taho ta sama sai ya kauce kamar an jefo masa garwashi. Rannan Baba ya lallaɓa ya zare matsefin da Bala ke sokewa a tsakiyar afro, ya jefa aljihu.

"Baba, ba ni kayana!"

"Sa kai ka karɓa."

"Wallahi sai na yi resign!"

"Yi. Amma da wannan kan za ka hau bas."

Bala ya fusata da gaske. Ya tara mu ya ce ko shi ko tsohon nan, wai mu ƙwallon zamani muke so, shi kuwa ƙwallon gargajiya ya kawo mana. Kuma Bala yana da gaskiyarsa, don a lissafin Baba mutum takwas ne za su tsare gida, biyu su leƙa gaba su dawo da wuri. Rabin yara suka bi Bala. Na ga ƙungiya za ta rabe a hannuna, na tafi na sami Baba yana goge motar maigidansa. Na ce, "Baba, don Allah ka bar mana uku a gaba, in ba haka ba Lahadi mai zuwa ba kowa a fili." Ya daɗe yana murza gilashi. Can ya ce, "In ba kowa a fili, ni ina za ni?" Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Sai kuma ya murtuke: "Uku. Amma dogon nan nawa ne, ya koma lamba biyar." Matsefi ma ya bayar, bayan ya taje gemunsa da shi.

Aka zo wasan ramuwa da 'yan Ghana. Kafin a take, Baba ya ja Isiyaku ya nuna masa layin tsakiya. "Ka ga wannan? Duk zamanina ban taɓa tsallake shi ba. Me na ajiye a can? Kai ma kar in ga ƙafarka." Aka yi ta gwabzawa, ba su ci ba, ba mu ci ba. Abin mamaki, Bala Afro da kansa ya dawo baya ya fitar da wata da ka, ya tashi yana shafa gashi kamar an yi masa rasuwa. Dab da tashi muka sami bugun kwana. Baba na ihu, "Ku zauna gida! Canjaras ma arziki ne!" Sai ga Isiyaku ya zabura da waɗannan dogayen ƙafafu, ya tsallake layi, ya tashi sama, ƙwallo ta daki goshinsa sai raga!

Muka haukace, muna tsalle muna rungume juna cikin taɓo. Baba kuwa yana gefe ya riƙe ƙugu yana tambayar alƙalin wasa, "Wa ya ba shi izini?" A bas ɗin dawowa ya ƙi kula kowa. Sai da muka kusa sauka na ga ya matsa kusa da Isiyaku, ya rage murya.

"Dogo."

"Na'am, Baba."

"Yaya can wurin yake?"

"Wane wuri?"

"Gaban."

Isiyaku ya ce, "Da daɗi, Baba."

Baba ya ce, "To. Kar ka ƙara."

Watan gwaji ya cika ya wuce, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. A hunturun shekarar Bala ya faɗi jarrabawa, ya kulle kansa a ɗaki, ya ce ba zai iya haɗa ido da mahaifinsa ba. Mu abokansa muka ƙwanƙwasa, muka gaji, muka tafi. Baba ne ya shimfiɗa kwat ɗinsa a bakin ƙofar ya zauna da kwanon tuwon semo, kullum in ya tashi aiki, yana ba ƙofa labarin Zariya, har Bala ya buɗe don ya ce masa ya yi shiru. Ya ci tuwon, ya sake jarrabawar, ya haye. Ga Bala nan zaune a cikinku, kan nan ƙwal babu ko sili, ku tambaye shi.

Ƙungiyar tana nan har yau, 'ya'yanmu ne ke bugawa, a yi musu Hausa su amsa da Turanci, amma duk Lahadi suna haɗuwa. Baba ya koma Zariya ya yi tsawon rai, makon jiya aka kira ni aka ce ya cika, da asuba, bayan ya idar da salla. Shi ya sa muka taru a nan yau mu yi masa addu'a.

Ya Allah, mun zo ƙasar nan muna yara, ba uwa ba uba, Ka haɗa mu da wanda ya tsaya mana. Ka jiƙan Malam Ɗanladi, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.